Kafin a soka wa doki allura, a shinshina harawarsa

Duk mai doki a turke ya ɗauko kalanda ya duba. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen watan Maris ta faɗo, kuma da yake watan Musulunci yana ja da baya da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, a 2030 farkon Fabrairu za a yi hawa, a 2033 kuwa farkon Janairu. Ke nan nan gaba kaɗan hawan Daushe da hawan Nassarawa da hawan Bariki za su riƙa faɗawa tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi tana zube mana ita har cikin kwanon tuwo. Kilisar da ake yi wa dawaki cikin azumi don su warware kafin hawa, ita ma cikin wannan hazo za a yi ta. Samarin da ke kan sirdi yanzu yawancinsu ba su san wannan ba, domin rabon da a yi hawa cikin sanyi sosai tun wajajen 2008, da babbar Sallah ta zo a Disamba.

Aikin malamin dabbobi na yi har na ajiye, kuma masu dawaki ba su daina nemana ba, saboda haka na san kiran da za a yi ta yi. "Malam, akawal ɗin nan ya fara tari, ga Sallah ta matso. A taimaka a zo a yi masa allurar nan." Ba a ma faɗar sunanta, kowa ya san wadda ake nufi. Ni kuwa idan na isa gidan, kafin in buɗe jaka sai na ce a kai ni inda ake ajiye harawa. In zaro dami daga can tsakiya, in kwance, in girgiza shi cikin rana, in kai hanci. Sau da yawa bincikena a nan yake ƙarewa. Abin da na yarda da shi, wanda ya sha jawo mini ɓacin ran manya, shi ne dokin da ya daɗe yana tari ba tare da zazzaɓi ba, abincinsa da ɗakinsa ne suka sa shi, kuma muddin ba a taɓa waɗannan biyun ba, kuɗin allura sadaka ce ga mai kemis.

Doki ba ya numfashi ta baki. Halittarsa ce haka, ta hanci kaɗai iska ke shiga masa. Yana tsaye a turke yakan ja numfashi sau 8 zuwa 16 a minti guda, amma idan ya zuba sukuwa numfashin yakan haɗu da takunsa, taku ɗaya numfashi ɗaya, har iskar da ke shiga tana fita ta haura lita 1,500 a minti. Dabbar da ke jan iska haka, ƙaramar matsewa a hanyoyin huhunta ba ƙarama ba ce. Ciwon da nake magana a kai fuka ce, irin wadda muka sani a jikin mutane. Likitocin dawaki na Turai da Amurka sun sha sauya masa suna, sai a wajajen 2016 suka tsaya a kan kiransa asmar doki, don sun ga tafiyarsa ɗaya da ta ɗan Adam. Dokin yana shaƙar abin da jikinsa ba ya so, sai cikin ƙananan hanyoyin iska ya kumbura, majina mai kauri ta taru, naman da ke zagaye da hanyoyin ya ɗaure. Shigar iska da ɗan sauƙi, fitar da ita ne aiki.

Shi ya sa alamar take a kwiɓi. Ka tsaya bayan dokin, ɗan gefe kaɗan yadda ba zai harbe ka ba, ka zuba wa cikinsa ido. Lafiyayyen doki da ƙyar za ka ga numfashinsa. Mai fuka kuwa yakan fitar da iska kashi biyu, ya sake ta, sannan ya matse ciki ya turo saura. Idan ya shekara da shekaru a haka, naman cikin yakan yi kauri saboda aiki, har wani layi ya fito daga kwiɓi ya gangara ta ƙarƙashin haƙarƙari. Na taɓa jin wani dillali yana nuna wa mai saye wannan layin yana cewa alamar ƙarfi ce. Hanci kuma yakan buɗe wangalau alhali dokin bai je ko'ina ba. Irin wannan mai tsanani an fi ganinta a dokin da ya wuce shekara 7. Akwai kuma mai sauƙi, wadda ke kama har dukushi, ita ba ta nuna komai a turke. Sai dai a ga doki ya yi tari biyu ko uku da an fara kilisa, ko ya daɗe yana haki bayan an sauka, ko ɗan folo ya ce dokinsa ba ya ƙarasa zagayen minti 7 da kuzarin da ya saba. Mu kan ce ai ƙura ce ta shiga masa, ya share maƙogwaro ne. Lafiyayyen doki ba ya yawan tari. Wanda duk ke yi kullum a farkon tafiya, akwai abin da yake faɗa maka.

Kowa hunturu yake ɗora wa laifi, kuma ba zan wanke shi ba, yana ƙara wa mai ciwo ciwo. Amma a lura da wannan. A Birtaniya, ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa kuma ba su san hazonmu ba, binciken da aka buga a 2007 ya ƙiyasta cewa kusan doki 14 cikin 100 na da fuka mai tsanani. Me ya kawo ta can? Busasshiyar ciyawa da rufaffen barga. Ƙurar da ta fi cutar doki ba ta sama ba ce, wadda ke tashi daga abincin da ya cusa hancinsa ciki ce, sa'o'i da yawa kowace rana. A cikin wannan ƙura akwai 'ya'yan fumfuna waɗanda ido ba ya gani, da guntattakin ƙwayoyin cuta, da ƙananan ƙwari na rumbu. Ƙanƙantarsu ce ke sa su wuce hanci, su wuce maƙogwaro, su sauka can ƙarshen huhu. Wasu daga cikin ƙwayoyin su ne dai ke sa manoman Turai masu aikin rubabbiyar ciyawa ciwon huhu.

To mu dubi yadda harawarmu ke zuwa. Gyaɗa ana cire ta ne wajajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwan ƙarshe bai gama sallama ba. Manomi yana sauri, ga gero na jiran yanka, ga wake na tafe. Sai a tara harawar ganyenta bai gama bushewa ba, ko ta bushe ruwan dare ya sake dukanta, a ɗaure ta tamau a jibge. Cikin damin sai ya ɗau zafi. Wanda ya taɓa cusa hannu cikin irin wannan tari ya ji ɗumi, to fumfuna ce ke aiki. Bayan wata uku waje ya bushe ƙarau, ganye kore shar, mai saye ya ga kaya mai kyau, amma tsakiya ta yi fari-fari ko baƙi-baƙi, kuma idan ka buga ta wani hayaƙi-hayaƙi yake tashi mai warin tsohon ɗaki. Harawar wake ta fi tsira, don ita sai ruwa ya ɗauke ake tattara ta, sai dai ita ma idan aka sauke ta daga kan rufi ko reshen bishiya aka cusa a shagon da ba iska, aka lulluɓe da leda, raɓa da gumi sukan lalata ta. Kakanninmu da suke ɗora harawa a kan bishiya da bisa soro ba rashin wurin ajiya ne ya sa su ba. Ingirici ma haka, wanda aka yanka aka shanya da kyau daban, wanda aka kwashe da danshi daban. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, da abinci ya yi tsada, sai a shiga sayen ragowar ƙasan rumbu, wanda rabinsa gari ne da ƙasa, a ce ai dabba ce.

Ga dusa kuma da ake zuba wa doki a bushe, yana ci yana hura ta tana komawa hancinsa. Ga ƙaiƙayi da ɓuntun shinkafa da garin katako da wasu ke shimfiɗa masa.

Sai ɗakin kansa. A nan ne nake ganin arziki ya cuci doki. Dokin ƙauye da ke ɗaure a gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfar kara, iska na ratsa shi ta ko'ina, ba kasafai nake samunsa da wannan ciwo ba. Wanda nake samu shi ne na birni, na mai hali, wanda aka gina wa ɗakin bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe saboda ɓarayi, da wata 'yar taga can sama wadda ita ma idan sanyi ya zo ake toshe ta da buhu don tausayi. A kusurwar ɗakin, ko a kan wani dandamali bisa kan dokin, nan aka jibge harawar shekara. Ƙasan siminti ne, fitsari ba ya nutsewa, zarni na tashi. Idan ka shiga barga da asuba idonka ya yi yaji, ka tuna kai minti biyu ka yi, shi a ciki ya kwana, kuma hancinsa ya fi naka kusa da ƙasa. Da safe yaro ya zo da tsintsiya ya share a bushe, dokin na ɗaure a wurin. Da magariba a hura wuta da ɗanyen ganye don korar sauro. A bayan katanga janareto na aiki, a lungu ana ƙona bola. Sannan a kira ni a ce in kawo allura. Kamar mai asma ne a ce ya tare a injin casar shinkafa, ana bin sa da magani safe da yamma.

Hayaƙin korar sauro ba zan ce a daina shi kawai in wuce ba, domin na san dalilinsa. Cizon ƙwari ba wasa ba ne ga doki, kuma cutar nan ta dawakin Afirka mai kisa cikin 'yan kwanaki wasu ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro ba ke yaɗa ta, sun fi yawa da damina, da magariba da asuba. Amma a yi hayaƙin dokin yana waje, a bari ya lafa kafin a mayar da shi. Mai hali ya sa raga mai ƙananan ido da fanka. Da hunturu kuwa, da ƙwarin suka ragu, wutar ta jin ɗumi ce kawai, kuma doki ya fi jure sanyinmu fiye da yadda muke zato. Bargo a bayansa ya wadatar.

Gyaran ba shi da wuyar faɗa. A fitar da dokin waje, dare da rana in da hali, ƙarƙashin rumfa mai katanga ɗaya ta ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa. A raba shi da rumbun harawa. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a share ba ya nan. A dama dusa. Harawar da ta yi fumfuna a zubar da ita, kada a ce za a wanke, wanki ba ya mayar da ita abinci. Mai kyau ɗin kuma a jiƙa ta. A nan ake yawan kuskure, don mutane sun ɗauka yayyafi da buta ya isa. Bai isa ba, tsakiyar tana nan a bushe. A sami rabin duro, a cika da ruwa mai tsabta, a danna harawar ta nutse gaba ɗaya, minti 10 zuwa 30, a tsame ta tsane, a ba shi nan take. Idan aka bar ta ta kwana a ruwa, amfaninta ya tsiyaye, ƙwayoyin cuta sun hayayyafa, musamman da zafinmu. Idan kuma aka bari ta sake bushewa a gabansa, ƙurar ta dawo. Ke nan kaɗan-kaɗan za a riƙa jiƙawa, gwargwadon abin da zai cinye. Ruwan jiƙon a zubar nesa, ba na sha ba ne. A sa abincin a ƙasa cikin komi ko rabin taya, yadda zai ci kansa a sunkuye majina ta gangaro, amma kada a zube a kan yashi, kada a gudu daga tari a faɗa ciwon ciki. A Turai masu hali turara ciyawar suke yi da wata na'ura, kusan awa guda cikin tururi mai zafin tafasa, wanda yake kashe fumfunar ma. Da damina, ɗanyar harƙiya ta fi duk wannan, shi ya sa dawaki da yawa tarinsu ke ɗaukewa da ruwa ya sauka, mai su ya ce maganin da ya saya ne ya yi aiki. Akwai dai wani nau'in da ke tashi a makiyaya lokacin zafi da danshi, an fi saninsa a kudu maso gabashin Amurka, irin su Luwiziyana da Fulorida. Idan dokinka da damina yake tsananta, ka faɗa wa likita wannan, don shawarar za ta juya.

Na ce ba wuyar faɗa. Wuyar yi kuwa akwai, kuma ba a kan mai doki take ba. A kan yaron doki take, wanda zai ɗebo ruwa sau uku ko huɗu a rana, a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa. Wani bawan Allah da ya kashe abin da ya kashe a kan sirdi da jalala da kayan kai, da na zayyana masa wannan, sai ya ce, "Malam, wannan ai wahala ce, ba wata allura mai ƙarfi?" Na ce, "Alhaji, akwai. Amma ka ƙara wa yaron nan wani abu a wata, ka saya masa duro, ya fi maka arha." Yaron ne ke kwana kusa da dokin, shi ya san ko ya yi tari da dare, shi ne kuma zai iya rusa aikin wata guda da dami ɗaya busasshe ranar da ya gaji. Ba ƙari na yi ba. Dokin da ya samu sauƙi, 'yan sa'o'i cikin ƙurar harawa sun isa su mayar da shi baya na kwanaki. Wanda bai jawo yaron a jiki ya fahimtar da shi dalili ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Kada a ce na ƙi magani. Allurar da ake nufi, dezametazon, wadda 'yan kemis ke kira deza, tana aiki, kuma aikinta ne ma matsalar. Cikin kwana biyu ko uku numfashi ya buɗe, dokin ya daina haki, kowa ya ce an dace. Dokin da numfashi ya sarƙe masa har ba ya iya cin abinci yana buƙatarta, kuma hana shi zalunci ne. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne. A Jami'ar Montiriyal ta Kanada, inda Farfesa Jean-Pierre Lavoie ya daɗe yana nazarin wannan ciwo, an bi wasu dawaki masu fuka tsawon shekara guda, aka buga sakamakon a 2012. Wasu an ba su maganin shaƙa, wasu an raba su da busasshiyar ciyawa. Magani ya fi saurin buɗe numfashi, amma kumburin cikin hanyoyin iska bai kwanta ba sai da aka sauya wa dawakin muhalli. Naman da ya yi kauri a zagayen hanyoyin kuma, bayan shekara cur, ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai, bai koma irin na lafiyayyen doki ba. Abin da wannan ke nufi a turkenka shi ne kowace shekarar da ka rufe ciwon da allura kana ci gaba da ba shi harawar nan, akwai ɓarnar da take zama daram.

Ita kanta dezar ba ruwan sha ba ce. Yawan ta yana raunana garkuwar jiki, ya farkar da ciwon da ke kwance. Ana kuma jin tsoronta saboda kumburin cikin kofato, ciwon da kan sa doki ya kasa taka ƙasa, musamman ƙuru mai ƙiba da dokin da ya taɓa yin sa. Irin ƙurun da ake saya wa yara, ana ɗura masa dawa ba ya aikin komai har wuyansa ya yi tozo, shi ne na fi jin tsoron a soka wa ita ba lissafi. Akwai maganin buɗe hanyoyin iska na sha, kilenbutarol, amma idan aka ɗore da shi kullum, wajen mako uku ƙarfinsa yake raguwa, kuma ba ya taɓa kumburin. Abin shaƙar masu asma irin Ventolin likita kan iya amfani da shi ga doki ta wani mazurari da ake kafawa a hanci, yana buɗewa cikin mintuna, ya sake shi bayan awa ɗaya ko biyu. A 2020 kamfanin Boehringer Ingelheim ya fito da abin shaƙa na dawaki zalla mai suna Aservo EquiHaler. Duk waɗannan aikin likitan dabbobi ne ya auna nauyin doki ya tsara, ba na yaron shago ba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, wadda ake haɗawa da deza kamar dole, ba ta da aikin yi a fuka. Ɗurar da ake yi wa doki kuma, a ɗaga kansa sama a tuttula masa jiƙo ko mai, wani lokaci har ta hanci, ina roƙo don Allah a bari. Abin da ya kauce ya faɗa huhu, dokin da da ƙyar yake numfashi ba zai iya fitar da shi ba.

Ba kowane tari ne fuka ba, kuma abin da ke rabewa bai fi kuɗin katin waya ba: ma'aunin zafi. Zafin jikin doki lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Mai fuka yawanci ba ya zazzaɓi, idonsa garau, yana cin abincinsa. Idan zafi ya haura, ko doki ya yi sanyi ya ƙi ci, ko majina ta zama rawaya mai kauri, ko ƙasan muƙamuƙi ya kumbura, ko dawaki da yawa suka kama tari lokaci guda, wannan wata magana ce, a ware shi a nemi likita ranar. Ba mu manta murar dawaki da ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa a Sakkwato da Nijar da wasu ƙasashen yammacin Afirka. A irin wannan hali deza ƙara wa wuta mai ce. Dokin da aka yi doguwar tafiya da shi a mota an ɗaure kansa sama, ya sauka da zazzaɓi, shi ma ciwon huhu ne na gaggawa. Sai kuma jaki. Akwai tsutsar huhu da jaki ke ɗauke da ita ba ta dame shi ba, amma idan doki ya yi kiwo inda jakuna ke kashi ya kwashe ta, sai ya yi ta tari kamar mai fuka. Maganin tsutsa irin ibamektin yana kashe ta, sai dai a ba jakin ma. Inda abin ya rikice, asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri suna nan, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke aiki tun 1924.

Akwai wani amfani da ake yi da deza wanda ba jahilci ba ne, ha'inci ne. A yi wa doki ita kwana uku kafin ranar kasuwa, a jiƙa masa abinci na mako guda, a kai shi yana sheƙi. Mai saye ya zagaya da shi, ya duba haƙori, ya biya. Bayan kwana goma kwiɓi ya fara bugawa. Jamusawa sun san wannan tun da daɗewa. Dokarsu ta 1899 ta lissafa fuka cikin manyan aibobin doki guda shida, ta ba mai saye kwana 14, idan ciwon ya bayyana a ciki cinikin na iya warwarewa, kuma dokar ta yi aiki har zuwa 2002. Mu ba ma buƙatar aro daga Jamus, malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye tun kafin a haifi wannan doka. Abin da ya rage shi ne shugabannin dillalai a kasuwannin dabbobi su mayar da shi ƙa'ida: doki mai tsada, a ajiye wani kaso na kuɗin a hannun amintacce har mako biyu. Mai gaskiya ba abin da zai rasa. Masu kiwo kuma su sani ciwon yana bin jini. Nazarin da aka yi a Suwizalan ya nuna 'ya'yan ingarma mai fuka sun fi saurin kamuwa, balle a ce uwa da uba duka suna da ita. Kyan gashi da tsayi ba su isa dalilin kai goɗiya wurin ingarman da ke haki a turke ba.

Saura tambayar da ake yi mini a ƙarshe, bayan an gama jin duk wannan: to zai hau ko ba zai hau ba? Dokin da aka gyara wa wuri da abinci, numfashinsa ya dawo daidai a turke, ba ya tari a kilisa, zai iya hawa, kuma zai iya shekaru yana hawa. Wanda kwiɓinsa ke bugawa yana tsaye, ba shi da abin yi a filin hawa, ko nawa aka kashe wa kayansa. A tuna abin da ake ɗora masa ranar: sirdi mai nauyi, majayi a ɗaure tamau a kan haƙarƙarin da yake fama ya buɗa, mahayi da rawani da alkyabba, tsayuwar sa'o'i cikin ƙurar ɗaruruwan kofatai da hayaƙin 'yan bindiga, sannan a ce ya zuba a guje a je jafi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, baƙi da masu ɗaukar hoto za su ƙaru, kuma dokin da ya durƙushe a gaban fada kowa zai gani a waya kafin magariba. Ina ganin lokaci ya yi da kowace masarauta, ta hannun Shamaki da masu kula da barga, za ta sa likitan dabbobi ya zagaya dawakin tawagogi tun azumi yana goma, ba ana jajibiri ba, ya ƙirga numfashi ya auna zafi, mai ciwo a ba shi hutu tun akwai lokacin neman wani. Ƙungiyoyin mahaya na unguwanni su ma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki likita ɗaya na yini guda. Motocin ruwa kuma da ake fitarwa su jiƙa hanya saboda manyan baƙi, a ƙara musu zagaye ɗaya ta wurin da dawaki ke tsayuwar jira, domin a nan suka fi daɗewa.